Gurbin Aikin Baffa Defu

Mudanjiang, ƙarshen kaka, 1985

Zuwa ga matar Yaya, Mou Yuzhen,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai yi ba, kuma ya san faɗa na jiran sa. Yaya ƙafar nan taki mai kumbura in hadari ya haɗu? Yaya 'yarki Lingdi da ɗanki Gensuo? Ina fata gyaɗa ta yi 'ya'ya bana. Ni lafiyata lau, ban da gwiwa, wadda ke sanar da ni zuwan ƙanƙara tun kafin rediyo ya faɗa.

Na san za ki ce Defu ba ya ɗaukar alƙalami sai da dalili. To, ba ki yi mini ƙarya ba. Baɗi zan ajiye aiki. Hannuna ya fara rawa in na ɗaga guduma, yaran sashenmu na gyaran tarago suna yi kamar ba su gani ba. Kin san ƙa'idar ma'aikatun gwamnati, in ma'aikaci ya sauka ɗansa ne ke hawa gurbinsa. Yanzu ana ta raɗe-raɗin za a soke ta, shi ya sa tsofaffi ke rige-rigen sauka, har da waɗanda ƙarfinsu bai je ko'ina ba. Ni kuwa da matata marigayiya Guizhi ba mu samu haihuwa ba. In na sauka a haka, gurbina ya bi iska.

Ki ba ni Gensuo. Kakana da kakan marigayi Yaya Dehai ciki ɗaya suka fito, ba dattijon da zai ce jini bai haɗa ba. A mayar da shi ɗana bisa al'ada, hukumar ƙauye ta buga hatimi, sauran aikin nawa ne. Ko sunansa ba zai canja ba, Luan ne a nan, Luan ne a can.

Matar Yaya, ba maganar albashi nake miki ba. Ranar da na shiga ƙofar ma'aikatar nan a shekarar yunwa, da takalmin Yaya Dehai a ƙafata, aka miƙo mini riga da hula da tikitin gidan wanka. Ban taɓa sanin ana wanka da ruwan zafi a tsakiyar hunturu ba. Na shiga kwamin nan na ƙi fita, har mai tsaron wurin ya leƙo yana tambaya ko na nuna a sauke ni. Tun daga ranar ban san inda ake sayar da kwal ba. Likita na ma'aikata ne, wanzami ma haka, ɗakin da nake ciki nata ne. In zafi ya yi a raba mana lemon kwalba da muke haɗawa da kanmu, in sabuwar shekara ta matso kowa ya koma gida yana jan dogon kifin nan a bayan keke. Safar hannun aiki ma ba a barin ta ta tafi a banza. Guizhi takan tara su ta warware zaren ta saƙa mini wandon ciki, har yau shi nake sawa. Jiya motar ma'aikata ta juye kabejin hunturu a tsakar gidajenmu, mata suka yi ta cacar baki a kan manyan, na tsaya ina kallo ina tuna yadda Guizhi ke cinye su duka da baki.

Gensuo zai samu takardar zama ɗan birni, da rabon hatsi, in ya yi aure a ba shi ɗaki, 'ya'yansa su shiga makarantar ma'aikata. Ni dai taimakonku nake so in yi, ba wani abu ba.

Kin tuna safiyar da na tafi? Kika cusa mini dafaffen dankali a aljihu, kika ce in na zama babban mutum kada in dawo ina yi miki magana ta hanci. Ban zama ba, amma ga abin da na samu, ina so ya zauna a gida.

Ƙaninki,
Luan Defu

*

Ƙauyen Luanjia, shigowar sanyi, 1985

Ƙanena Defu,

Lingdi ce ke riƙe da alƙalami, ni ce ke magana, kuma na gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta zuba suga.

Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka san ta. Gyaɗa ta yi, mun matse mai, zan aiko maka in an samu mai tafiya, don na san man birni ba ya ƙamshi komai yawansa. Ka riƙa ɗaure gwiwar nan, tsoho kawai, ka daina yi wa rediyo gasa.

An karanta mini wasiƙarka na yi dariyar wankan har na yi hawaye. Na ce a sake, a karo na biyu ban yi dariya ba.

Wai sunansa ba zai canja ba. Ni za ka yi wa wayo, Defu? Ni da na wanke maka kai kana kuka saboda ƙwarƙwata? Ina tsaye ranar da aka ba da ɗan masu awara ga baffansa. Dattawa za su zauna, a kunna turare, yaro ya durƙusa ya kai goshi ƙasa a gabanka ya ce maka Baba. Sannan ya juyo gare ni ya ce matar Baffa. Daga ranar kabarin Dehai ba shi da mai share shi. Ranar da za a fitar da ni ta ƙofar gidan nan kuma, ba ɗan da zai ɗaga kaskon da ake ƙona wa mamaci takardu a ciki ya fasa a ƙasa don in tafi da mutuncina, sai dai a roƙo ɗan wani. Namiji ɗaya gare ni. Ka san wannan tun kafin ka tsoma alƙalami a tawada.

Shi gogan kuwa tun da ya ji labari ya daina ganin gona. Jiya na aike shi ban ruwa, na iske shi zaune a kan kunya yana gwada yadda ake sa hular ma'aikata da kwandon kaji. Na ce, "Kai, sauka daga jirgin, mun iso." Ya ce, "Inna, ke ba kya son in ci gaba." Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ina son ya ci gaba. Na san bambancin wanda ke zuwa wurin likita kyauta da wanda ke tauna saiwa yana jiran zazzaɓi ya gaji. Dehai da a ma'aikatarku yake, da wataƙila yana nan.

To bari in tambaye ka. Ma'aikatar nan taku da ba ta da aibi, ba ta ɗaukar mata ne? Lingdi ta girme shi, ta fi shi karatu, kuma in gaskiya za a faɗa ta fi shi iya ɗaukar buhu. Ga ta nan ta tsaya da rubutu tana kallona, na ce ta ci gaba. Mace dama ta gidan wani ce, ko ba yau ba za ta tafi. In taimakonmu kake so ka yi kamar yadda ka ce, ga ta.

Ina jiran amsa.

Matar yayanka

*

Ƙauyen Luanjia, bayan bikin fitilu, 1986

Defu,

Muna lafiya, in ka damu ka sani. Wannan karon ɗan maƙwabta na sa ya rubuta, ba Lingdi ba, za ka ga dalili.

Ƙunshinka ya iso kafin sabuwar shekara. Sabulu, safar hannu, tawul mai tambarin ma'aikata. Lingdi ta zazzage buhun, ta juya shi ciki waje, ta duba cikin kowace safa ko ka ɓoye takarda. Ba ko layi ɗaya. Sabulu ba amsa ba ce, Defu.

An yi sabuwar shekara an gama, an sauke fitilu, ba wasiƙarka. Duk ranar da mai kawo wasiƙu ya shigo da kekensa sai in ga yarinyar nan ta sami abin yi a bakin ƙofa, wai shara take. Ta share wurin har ya yi rami. Na kuma ga ta fito da tsofaffin littattafanta na lissafi tana dubawa. Ni na ɗora mata wannan buri, kuma abin yana cina.

Mutanen gari sun ji, ka san ba a ɓoye komai a nan. Matar mai niƙa ta tare ni a rijiya tana cewa, "Yuzhen, an ce kin yi tallan 'ya an ƙi tayawa?" Na ce mata aƙalla ni ina da abin talla. Na ba ta amsa, amma da ƙyar na kai gida da guga.

Na fahimci shirun naka. Ka zama ɗan birni, ka ga ƙauyawa sun raina maka kyauta, ka nemi ɗa an miƙo maka 'ya. In haka ne ka faɗa da bakinka, ba na tsoron a'a. Ni dai abu ɗaya nake so ka gaya mini tsakaninka da kabarin iyayenka: mu kake so ka taimaka, ko mai fasa maka kasko kake nema? Duka biyun ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka bar yarinya tana share ƙofa.

Yuzhen

*

Mudanjiang, narkewar ƙanƙara, 1986

Matar Yaya,

Na karɓi faɗan, na ci, na ƙoshi. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ki sassauta kaɗan ki ji.

Wasiƙarki ta farko ta same ni lafiya, kuma na yi ta juya ta ban san abin da zan ce ba, wannan gaskiya ne. Ina cikin haka santsin ƙanƙara ya kwashe ni a bakin kantin ma'aikata, ƙashin ƙugu ya tsage. A asibitinmu na yi sabuwar shekara, a kwance kamar buhun gero. Ƙunshin nan maƙwabciyata na roƙa ta aika, ban iya zama in yi rubutu ba. Shugaban ƙungiyar ma'aikata ya zo duba mu da gwangwanin 'ya'yan itace, masu girki suka kawo mana jiaozi, curin fulawar nan mai nama a ciki, har gado. Kin ga, ko karaya mutum zai yi, gara ya yi ta a nan.

A gadon da ke kusa da nawa akwai tsoho Pang, maƙerin sashenmu, wanda muka shigo aiki kusan tare. Shi ma ba shi da kowa. Ya rasu ina kallo. Ma'aikata ta yi masa komai, matar Yaya, komai. Ta ba da mota, ta ba da furanni, aka jera mutane, shugaban sashe ya karanta tarihin aikinsa. Na sa aka tura ni a keken marasa lafiya na je. Da aka zo fita da shi, wata tsohuwa 'yar wajenmu ta ajiye kasko a bakin ƙofa, don ta san shi ma mutumin lardinmu na Shandong ne. Sai kowa ya tsaya. Shugaba ya dubi mataimakinsa, mataimaki ya dubi ƙasa. Ba a rubuta wannan a cikin ƙa'idar ma'aikata ba. Daga ƙarshe direban motar ya ce, "Jama'a, mai yana ƙonewa fa," ya ɗauka ya yar da shi gefe kamar mai zubar da shara. Bai ma fashe da kyau ba.

Kin tambaye ni, ga amsa. Kasko nake nema. Na ce taimako ne don na ji kunyar faɗa, kuma har cikin raina na ɗauka taimakon ne. Na ji tsoro, matar Yaya. Ma'aikatar nan ta ba ni komai tun daga sabulu har gadon asibiti, abu ɗaya ne ba ta rabawa.

Amma da na dawo gida na zauna na yi tunani. In na karɓe Gensuo, abin da na gani an yi wa Pang shi za a yi miki, ke da kika ciyar da ni lokacin da ke ma ba ki ƙoshi ba. Ba zan iya ba.

Na je ofis da sanda na tambaya. Suna ɗaukar mata. Mai tuƙa injin ɗaga kaya a sashenmu ma mace ce, kuma duk tsoronta muke ji. Sun ce a hanzarta, bayan kaka ƙofa za ta rufe. Ki tara dattawa, ki turo mini Lingdi. Maganar kasko kuma a bar ta, 'yan birni sun fara daina yi, ni ma ai ɗan birni ne kamar yadda kika ce.

Lingdi, na san ke ke karantawa. Ki zo da takalmi mai kauri. Sauran duk za a ba ki a nan.

Defu

*

Ƙauyen Luanjia, lokacin girbin alkama, 1986

Defu,

Wannan rubutun kamar kaza ta bi ta kan takarda na Gensuo ne, ka yi haƙuri da shi, mai rubutuna ta tafi. In ka ga wasiƙar nan ta riga Lingdi isowa, to jirgin ruwa ne ya makara.

An yi abin. Da yake ba ka iya tafiya, aka ajiye kujera aka ɗora hotonka, wanda ka aiko kana sanye da hular aiki kana harare-harare. Ta durƙusa ta kai goshi ƙasa, ta ce wa hoto Baba. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wai ba a taɓa ba da mace ba. Sai dattijo ya ce ta juyo ta gaishe ni. Ta juyo, bakinta ya ƙi buɗewa. Dattijo ya ce, "Yarinya, rana tana yi." Ni na ce mata, "Faɗi mana, ba cizo zai yi ba." Ta ce matar Baffa.

Na ce maka mace ta gidan wani ce, ba wuya a ba da ita. Ban san abin da nake faɗa ba. In aure ta yi, ko ina ta je ni ce uwarta. Wannan daban ne. Na koma gida na ɗora tukunya na zuba ruwan mutum uku, sai da ya tafasa na tuna.

Gensuo ya yi fushi na 'yan kwanaki, yanzu ya huce, shi ya ɗaukar mata kaya har tasha. Yana cewa sai ya rubuta bai yi kuka ba. To, bai yi ba, ƙura ce.

Ka ji. Ƙafarta tana sanyi, ba za ta faɗa ba. In ta yi shiru da yawa ba fushi ba ne, in ta fara wanke abin da yake a wanke, to fushi ne. Ba ta cin kitse. Kada ka bar ta ta daɗe a kwamin wankan nan naku, kada a ce gadon gida ne.

Na ba ka amana.

Yuzhen

*

Mudanjiang, tsakiyar hunturu, 1998

Matar Yaya,

Shekara da shekaru Lingdi ce ke rubuta miki, ni sai dai in sa gaisuwa a ƙasan takarda. Yau ni na ɗauki alƙalami, kuma ba ta sani ba. Yaya jiki? An ce ƙafar ta kai ki ga sanda, to barka da shigowa ƙungiyarmu. Na ji gonar tuffa ta Gensuo ta karɓe shi, har ya yi ginin bulo. Na yi murna ƙwarai.

Na san tana rubuto miki cewa komai lafiya. Ba lafiya ba. An rufe sashenmu tun bara, bana aka rufe sauran. An ce wa ma'aikata su koma gida su jira, ba wanda ya faɗi abin da ake jira. Mijinta ya tafi kudu neman aiki. Ita kuma tana soya 'ya'yan kabewa a bakin tasha, cikin sanyin da ke daskarar da yawu kafin ya kai ƙasa, ita da ta yi shekaru tana tuƙa injin ɗaga kaya har aka manna hotonta a allon yabo. Asibitinmu yana nan, amma likita sai ya rubuta maka magani ya ce ka nema a gari. Bututun ɗumama ɗaki ya yi sanyi, da riguna muke kwana, ni a ɗakina, ita da 'yarta a nasu.

Shekaranjiya na ja ƙafa na zaga cikin ma'aikata, ba mai gadin da zai hana. Gidan wanka da kwaɗo a ƙofa, na leƙa ta taga na ga ganye ya cika kwamin. Na tsaya a filin da ake haska mana sinima ran Asabar, inda kowa ke zuwa da kujerarsa, yara suna zagayawa bayan farin ƙyalle don su ga mutane a juye. Na tuna jiniyar tashi, yadda kekuna ke fitowa ta babbar ƙofa kamar an ɓalle ruwa, da ƙamshin burodin kantinmu. Na tuna ranar da Lingdi ta kawo kifinta na farko na sabuwar shekara, ta shigo tana riƙe da shi sama kamar tuta, ta ce, "Baba, wannan nawa ne, ba naka ba." Ranar da ta haihu motar ma'aikata ce ta kai ta, gidan renon ma'aikata ne ya riƙe mata jaririya tana aiki. Mun ji daɗi, matar Yaya. Ba mafarki na yi ba, an yi wannan zamani, kuma na ɗauka ba zai ƙare ba. Kowa haka ya ɗauka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na karɓi 'yarki a kan alkawarin cewa ta shiga inuwar da ba ta gushewa har tsufanta. Inuwar ta gushe. Yanzu ku ne ke da abinci, ku ne ke da ɗumi. Ba ni da hujjar riƙe ta. Ki je wurin dattawa a warware abin da aka ɗaura, ta koma 'yar Dehai, ta koma ce miki Inna a gaban kowa. Ta zo da 'yarta su zauna kusa da ke, ga aiki a gonar ƙaninta. Ni ina da ɗan fanshona in ya zo, akwai kuma gidan tsofaffi na unguwa, an ce ba laifi.

Na gaya mata. Ta ce, "Baba, ci abincinka yana hucewa." Na sake faɗa, ta tashi ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ni ba ta jin maganata. Ke za ta ji. Ki kira ta gida.

Defu

*

Ƙauyen Luanjia, gab da sabuwar shekara, 1999

Defu,

Muna lafiya. Gensuo ne ke rubutu, hannunsa bai gyaru ba, kuɗi ba sa gyara wannan.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Da aka karanta mini wasiƙarka, ban ji tausayinka da farko ba, murna na yi. Tun ranar da ta tafi nake jiran wannan magana. Na sa aka share ɗakin yamma, aka hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa don ya bushe, na fito da bargon da na ɗinka mata tun tuni ban aika ba. Na ɗauki sandata na nufi gidan dattijo, har na kai ƙofarsa. Sai na ce bari dai in ji muryarta tukuna.

Akwai waya yanzu a kantin bakin hanya. Gensuo ya buga gidan maƙwabciyarku aka kira ta. Na ce, "Ke, an sake ki, ki taho gida." Sai ta ce, "Inna." Ka ji, Inna ta ce, ba dattijo a kusa. Ta ce, "Inna, wa zai ɗaure masa gwiwa? Ba ya iya sunkuyawa." Na ce ai ya ce akwai gidan tsofaffi. Ta ce, "Kin taɓa ganin wurin?" Na ce, "To aikin ai ya ƙare, me ya rage miki a can?" Ta ce, "Lokacin da na zo ban san kowa ba, shi ya riƙa tashi yana gasa mini takalmi a kan murhu kafin in fita. Da za a ba shi sabon ɗaki a bene, ya bar mana ya zauna a tsohon. Ba aikin na durƙusa wa ba, Inna. Ubana ne."

Na ajiye wayar na zauna a kan buhun gishirin mai kanti na yi kuka, mutane suna sayayya suna ratse ni. Kishi na ji, Defu, da tsufana da komai. Ni na ba da ita don sabulu da likita, na ɗauka aro ne, in abin ya ƙare a dawo mini da kayana. Ashe ita ba ta san da aro ba.

Ban koma gidan dattijo ba, kuma ba zan koma ba. Abin da aka ɗaura ya ɗauru. Kai kuma ka ji kunya, tsohon banza, 'ya ba rigar aiki ba ce da ake mayarwa sito in an rufe ma'aikata.

Amma ba zan bar ta tana daskarewa a bakin tasha ba. Ga yadda za a yi, kuma ba shawara nake nema ba. Ɗakin yamma yana ɗaukar ta da 'yarta, mijin in ya gaji da kudu ya same su. Ɗakin da muke ajiye tuffa za a kwashe, Gensuo ya riga ya sayo gilashin taga. Ba mu da gidan wanka, amma muna da babbar tukunya da itace. Ba mu da sinima, akwai bangon gidan mai niƙa inda rana ke bugawa da hantsi, sa'o'inka suna jere a wurin kullum suna ƙarya, an rasa wanda zai ba su labarin tarago. Kabarin iyayenka ma ya gaji da ganin baƙin hannu. Fanshonka in ya ga dama ya biyo ka, in bai ga dama ba akwai dankali.

Kada ka tsaya jiran ma'aikata ta yanka maka tikiti. Da zarar ƙanƙara ta saki hanya Gensuo zai zo ya kwaso ku. In ka ce ba ka zuwa, ita ma ba za ta zo ba, ka ga kai ne ka raba ni da 'yata karo na biyu, kuma wannan karon ba zan yafe ba.

Gensuo yana tambaya ko ya sa Luan Defu a bayan ambulan kamar kullum. Na ce ya sa, don mai raba wasiƙu. Amma a nan ciki ya rubuta yadda zan kira ka daga yau, a gaban dattawa da matar mai niƙa da kowa.

Ka taho gida, Baban Lingdi.

Yuzhen